Allah Yana Kan Kursiyinsa, To Don Me Muke Shan Wuya? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ’yan’uwa suke yi bayan an tashi daga sujada, ko a bakin gadon asibiti, ko a kan tabarmar zaman makoki, ko a waya cikin dare sa’ad da labari ya zo cewa an tare hanya an kwashi mutane. Da yawa ba sa iya yin su a gaban dattawan ikilisiya, don gudun kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Ni kuwa ina ganin gara a yi su a fili, a buɗe Littafi Mai Tsarki a duba.

Idan an ce Allah ne ke mulki bisa kome, me ake nufi?

Ana nufin babu abin da yake faruwa a sama ko a ƙasa da ya kufce wa hannunsa, ko ya zo masa a ba-zata. Zabura 103:19 ta ce Ubangiji ya kafa kursiyinsa a sammai, mulkinsa kuwa yana bisa kome. Yesu ya sauko da maganar har kan tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa. A Matiyu 10:29 ya ce gwara biyu kuɗi kaɗan ake sayar da su, amma ko ɗaya ba ya faɗuwa ƙasa ba da yardar Ubanku ba.

A lura da inda ya faɗi wannan magana. A cikin surar ce ya gaya wa almajiransa za a kai su gaban majalisa, a yi musu bulala, a ja su gaban sarakuna da mahukunta. Ashe tun daga bakin Yesu, koyarwar mulkin Allah ga mutanen da ke fuskantar wuya aka ba da ita. Bai ce gwaran ba zai faɗi ba. Cewa ya yi ba zai faɗi a bayan idon Uba ba.

To ke nan Allah ne ya turo ’yan bindigar da suka kashe mijina?

’Yar’uwa, a’a. Waɗanda suka ɗauki bindiga suka shigo ƙauye, da nufinsu suka shigo, muguntar tasu ce, kuma za su amsa ta a gaban kursiyin shari’a ko da sun tsira a nan duniya. Yakubu 1:13 ya ce ba a jarabtar Allah da mugunta, shi ma ba ya jarabtar kowa. Annabi Habakkuk ya ce idanun Allah sun fi ƙarfin duban mugunta don tsarkinsu. Duk wanda ya gaya miki Allah ya ji daɗin abin da aka yi miki, bai san Allah ba.

Amma Littafi Mai Tsarki bai tsaya a nan ba, mu ma bai kamata mu tsaya ba. Bai ce Allah ya juya baya ne abin ya faru ba, ko kuwa miyagu sun fi ƙarfinsa a daren nan. Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 ’yan’uwansa suka jefa shi a rami, suka sayar da shi a kan azurfa 20. Aka yi masa ƙazafi a gidan Fotifar, ya shiga kurkuku, sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya a gaban Fir’auna. Da mahaifinsu ya rasu, ’yan’uwan suka zo suna rawar jiki, ya ce musu a Farawa 50:20, ku mugunta kuka nufe ni da ita, Allah kuwa ya nufi abin da alheri, don a ceci mutane da yawa. Abu ɗaya ne ya faru, nufi biyu ne a cikinsa. Yusufu bai wanke ’yan’uwansa ba, ya kira abin da suka yi da sunansa. Bai kuma cire hannun Allah daga labarin ba.

Inda wannan gaskiya ta fi fitowa sarai shi ne a kan gicciye. Ranar Fentikos Bitrus ya tsaya ya ce an ba da Yesu bisa ga ƙaddararren nufin Allah da rigyasaninsa, ku kuwa kuka kashe shi ta hannun mugayen mutane (Ayyukan Manzanni 2:23). Babu zaluncin da ya kai wanda aka yi wa Ɗan Allah, kuma ta wurinsa ne ceton duniya ya zo. Yahuza da Bilatus da laifinsu, Allah kuwa da nufinsa. Yadda biyun suke haɗuwa, Maimaitawar Shari’a 29:29 ta ce akwai asiran da suke na Ubangiji Allahnmu. Abin da ya sa Kirista yake iya dogara ga wannan mulki shi ne, mai mulkin bai zauna daga nesa yana kallo ba. Ya shigo ciki, an tofa masa yawu, an buge shi, ya mutu, ya tashi.

Akwai abin da yake ɓata mini rai a nan. Wani mai alhakin tsaron jama’a, ko mai kula da gada ko magani, zai yi sakaci, rayuka su salwanta, sai ya zo ta’aziyya ya ce “haka Allah ya so”, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wannan ɗaukar sunan Ubangiji ne a banza.

Ko dai zunubina ne ya jawo mini wannan?

Akwai wahalar da mutum yake jawo wa kansa, Galatiyawa 6:7 ta ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wanda ya san abin da ya aikata, ya tuba, ya gyara. Amma a ce duk mai shan wuya mai laifi ne, wannan koyarwar abokan Ayuba ce, kuma a ƙarshen littafin Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba (Ayuba 42:7). Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuwa iyayensa ba (Yohanna 9:3). Da aka zo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5).

Wannan tambaya tana da ƙanwa a wurinmu: wa ya yi mini? Yaro ya mutu, ko mace ta yi ɓari sau biyu, sai a fara duban suruka, ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa. A je wurin wani mai kiran kansa annabi, ya karɓi kuɗi ya nuna yatsa, gida ya rabu. Shaiɗan yana nan, gaskiya ne, amma a littafin Ayuba sai da ya nemi izini, aka kuma kafa masa iyakar da bai isa ya ƙetare ba. Wanda ya gaskata Allah ne ke mulki ba ya yawo gidan boka, ba ya kuma ɗora wa marar ƙarfi laifin maita.

Laifi ne in yi kuka, ko in ce wa Allah “don me”?

Ba laifi ba ne. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li’azaru, alhali ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci. A kan gicciye ya ɗauki kalmomin Zabura 22 ya ce, ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni? Zabura 13 ta fara da “har yaushe” sau huɗu a jere. Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe kuka ne, ta rufe da duhu ba tare da kalmar ta’aziyya ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi don ranar da za ka buƙace ta.

Mun taso da al’adar da take cewa namiji ba ya kuka, mace kuma da ta ɗaga murya sai a ce mata “ki yi shiru, ba kyau, addu’a yake buƙata”. Haƙuri abu ne mai daraja, amma haƙurin da ake nufi a Littafi Mai Tsarki bai hana Ayuba yayyage rigarsa ya aske kansa ba. Ya yi haka, sa’an nan ya fāɗi ƙasa ya yi sujada. Bambancin kukan mai bi da gunagunin da Isra’ilawa suka yi a jeji shi ne inda aka dosa. Mai zabura yana kai ƙararsa gaban Allah, su kuwa suna zagin Allah a bayansa suna shirin komawa Masar.

Mun yi azumi, mun yi addu’ar dare, mun sayar da gona mun biya kuɗin fansa, duk da haka ba a sako shi da rai ba. Bangaskiyarmu ce ta kāsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma wa’azin da ya cika gari yanzu ya ƙara mata gishiri. Ana koya wa mutane cewa in ka ba da gaskiya sosai, ka ba da baiko mai tsoka, ka furta da bakinka, dole Allah ya yi. In bai yi ba, laifinka ne. Sai mai makoki ya koma gida da kaya biyu, rashin da ya yi da kuma zargin kansa.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan’uwan Yohanna da takobi. Ya kama Bitrus, ikilisiya ta duƙufa da addu’a, mala’ika ya zo ya buɗe ƙofa. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzanni biyu. Ba a ce Yakubu ya gaza a bangaskiya ba. Bitrus ɗin ma da ya zo ƙofa yana ƙwanƙwasawa, masu addu’ar ba su gaskata ba, suka ce wa baranyar nan Roda ta haukace. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, sai kuma ta ci gaba a numfashi ɗaya da waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi. Dukansu an yaba musu saboda bangaskiya. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce, alherina ya ishe ka (2 Korintiyawa 12:9). Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya ce amma ba nufina ba, naka za a yi, kuma ya sha ƙoƙon.

Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu. A watan Fabrairu 2018 aka kwashi ’yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. Bayan wata guda aka dawo da mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi barin bangaskiyarta. Ikilisiyoyi a faɗin duniya sun yi ta addu’a dominta shekara da shekaru. Wa zai iya tsayawa ya ce iyayenta ne ba su da bangaskiya?

A farkon watan Janairu 2020 Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston ikilisiyar EYN (Ekklesiyar ’Yan’uwa a Najeriya) kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar ya roƙi a yi ƙoƙarin sakinsa, wato yana son rai kamar kowa. Amma ya ce bai karaya ba, domin kowane halin da mutum ya sami kansa a ciki yana hannun Allah. Ya ce da alherin Allah zai sāke haɗuwa da matarsa da ’ya’yansa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, wataƙila nufin Allah ke nan, kada su damu, su yi godiya. A cikin wannan watan na Janairu suka kashe shi. Maganarsa irin ta Shadrak da Meshak da Abednego ce a gaban Nebukadnezzar: Allahnmu yana da ikon cetonmu, ko bai cece mu ba ma, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba (Daniyel 3:17-18). Su an fitar da su daga wuta, shi ba a fitar da shi ba, bangaskiyar kuwa iri ɗaya ce.

Tunda kome yana hannunsa, mene ne amfanin zuwa asibiti, ko gudu, ko tsaro?

Allah da ya nufi abu, ya nufi hanyar da abin zai bi. Da magabta suka ƙulla za su kai wa masu gina garun Urushalima hari, Nehemiya ya ce muka yi addu’a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). A cikin hadarin teku mala’ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai mutu a jirgin, duk da haka da matuƙan suka so su sulale, ya ce wa jarumin sojan da ke tsaronsa in waɗannan ba su tsaya a jirgi ba, ba za ku tsira ba (Ayyukan Manzanni 27:31). An zura Bulus a kwando ta kan garun Dimashƙu don ya tsere. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare suka gudu Masar.

Gudu ba rashin bangaskiya ba ne, Yesu ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). A watan Oktoba 2014 da mayaƙa suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin ikilisiyar sun koma Jos na ɗan lokaci, daga can suka ci gaba da kula da tumakin da suka warwatse, daga baya suka koma gida.

Haka maganar asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Masu bishara da suka gaskata da ikon Allah su ne suka gina asibitoci a Wusasa da Vom da Garkida, da Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. In likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ka sha, ka yi addu’a a kansa. Kada ka zubar da shi don wani ya ɗora maka hannu ya ce ka warke. A kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, mai juna biyu ta je awo.

Romawa 8:28 ta ce kome yana aiki tare zuwa alheri. Wane alheri ne a cikin abin da ya same ni?

Ayar ba ta ce kome alheri ne ba. Kisan kai mugunta ne, ciwon daji maƙiyi ne, mutuwa ma Bulus ya kira ta maƙiyi na ƙarshe. Cewa ta yi Allah yana sarrafa kome zuwa alheri ga masu ƙaunarsa. Aya ta 29 kuma ta faɗi alherin: mu ɗauki kamannin Ɗansa. Ba ta yi alkawarin za a maido maka shagon da ya ƙone riɓi biyu kafin ƙarshen shekara ba. Ka ci gaba da karatu zuwa aya ta 35, za ka tarar da tsanani, yunwa, tsiraici, hatsari da takobi a jere, kuma abin da aka yi alkawari shi ne ba ɗayansu da zai raba mu da ƙaunar Almasihu.

Wani lokaci ana ganin alherin a nan duniya, kamar Yusufu. Sau da yawa kuma wanda ya sha wuyar ba ya gani. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga aikin nan ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko tubali ɗaya na majami’un da muke sujada a ciki yau ba. Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a gaya masa abin da ya gudana a sura ta 1 da ta 2 ba. Allah ya nuna masa kansa, bai ba shi bayani ba.

Me zan faɗa in na je gidan makoki?

Kaɗan. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Ka shiga, ka cire takalmi, ka zauna. Ka ce “sannu, ya haƙuri? Ubangiji ya ta’azantar da ku.” Kada ka ce Allah ya fi ki sonsa, kada ka ce ai kina da sauran yara, kada ka mai da Romawa 8:28 sandar rufe bakin mai kuka. Ayar gaskiya ce, amma akwai ranarta. A wannan fanni Zumuntar Mata sun fi mu masu wa’azi sanin aiki. Za ka gan su sun iso da ankonsu, ɗaya da ƙullin masara a ka, ɗaya da itace, wata ta wuce kai tsaye wurin murhu ta hura wuta, wata ta ɗauki jaririn ta goya, wata ta zauna kusa da gwauruwar ta riƙe mata hannu, can sai a ɗauko waƙa a hankali. Abin da ya rage mana shi ne komawa bayan an watse. Bayan wata biyu, lokacin da baƙi suka daina zuwa, kuɗin makarantar marayu ya taso, dangin miji suka fara maganar gona, a nan ne Yakubu 1:27, wadda ta ce a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, take jiran ikilisiya.

In na bar wa Allah, ke nan kada in nemi hakkina?

Ramuwa ce aka hana, Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Neman adalci ba a hana ba. Da aka yi wa Bulus dūka a Filibi ba tare da shari’a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ka kai ƙara, ka ba da shaida, ka yi magana a madadin waɗanda aka kora daga gonakinsu. Abin da ba ka da izini shi ne ka huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba don addininsa ko yarensa. Wutar rashin tsaron nan ta ci Musulmi da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno. A watan Yuni 2018 kuwa, da aka kai hari a ƙauyukan Barkin Ladi a jihar Filato, wani limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane sama da 200 a masallacinsa da gidansa, mafi yawansu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Allah mai mulki ne ya tanadi wannan dattijo a ranar.

Na kāsa addu’a, ko Littafi ba na iya buɗewa. Daga ina zan fara?

Ɗan’uwa, ba kai ne na farko ba. Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala’ika da abinci da ruwa har sau biyu, sa’an nan ya yi magana da shi (1 Sarakuna 19). Saboda haka ka ci abinci, ka nemi barci. Romawa 8:26 ta ce lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu’a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su furtuwa.

Ka ɗauki Zabura 13, aya shida ce kawai, ka karanta da murya safe da yamma ko zuciyarka ba ta bi ba. In wannan ma ya yi nauyi, ka ari addu’ar mahaifin yaron nan a Markus 9:24: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Ka je sujada ko a bencin baya za ka zauna, ko ba za ka iya rera waƙa ba. Ka sami mutum ɗaya mai riƙon asiri, fasto ko dattijo ko wata uwa a cikin ikilisiya, ka gaya masa ainihin halin da kake ciki. In barci ya ƙaurace maka makonni, ko abin da ka gani yana ta dawo maka, ko tunanin kashe kanka ya fara zuwa, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, a raka ka wurin likita.